Ƙofar mage a jikin ƙyaure: tambayoyi da amsoshi ga masu gida a Maradi

Masu ajiye mage a garin nan, musamman waɗanda suka ajiye ta don tsaron hatsi, kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi game da ƴar ƙofar nan da ake huda mata a ƙasan ƙyaure, mai murfi da ke lilo, ta tura da kai ta wuce ya koma ya rufe. An amsa su a nan gwargwadon yadda gidajenmu suke: ƙyauren ƙarfe, ƙurar hunturu, ruwan damina da sauro.

Mene ne amfaninta, tunda mage na da hanyarta ta kan katanga?

Katanga da rariya tsakar gida kawai suke kai ta. A gidajen da, ƙyauren kara ne ko asabari, ko na katako da ya bar fili a ƙasa, mage na shiga ɗaki ta fita ba wanda ya tashi ya buɗe mata. Yanzu ginin siminti ne, da ƙyauren ƙarfe da aka auna daidai da dokin ƙofa. Ɓera ba ruwansa da wannan, kafar da ɗan yatsa zai shiga ta ishe shi. Sai a wayi gari ɓera na ciki yana huda buhun gero da wake da aya, mage na waje tana zagaye ƙofa tana kuka.

Abin da wasu ke yi kuma ya fi wannan muni: a kulle mage cikin mangaza a tafi, sai gobe ko jibi a buɗe. A watan Afrilu da Mayu zafin Maradi na wuce digiri 40 a inuwa, balle ɗakin da aka rufe ƙarƙashin rufin kwano. Dabba ce mai rai, tana jin ƙishirwa. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma kowa ya ji shi a karatu. Rami ɗaya da murfi ya raba mutum da wannan alhaki.

A wace ƙofa ya kamata a sa ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi sauran nauyi, kuma ita aka fi yi wa gaggawa. A ganina ƙofar mangaza ko ta ɗakin girki, wadda ke kallon tsakar gida, ita ce wurinta. Nan ɓera yake, nan aikin magen yake, kuma ba mai kwana a ciki da sauro zai dama.

Kada a sa ta a ƙofar da ke fita titi. Mage da ta fito da gudu daga rami ba ta ganin babur, mai babur ma ba ya ganin ta, ga yaran unguwa da za su mayar da murfin abin wasa. Ɗakin kwana kuwa, musamman inda akwai jariri ko mai ciki, a bar shi a rufe yadda yake. In mage ta saba kwana a falo kuma ba a son hana ta, to a yi murfi mai marufin kullewa, wanda za a yi bayaninsa nan gaba.

A duba kuma inda ƙofar ta fuskanta. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Ƙofar da ke kallon gabas ba tare da rumfa ba ita ce ta fi shan duka. In akwai zaɓi, a ɗauki wadda ke ƙarƙashin baranda, ko mai kallon yamma ko kudu. Sannan a dubi abin da mage za ta tarar in ta leƙo: ta fi son fitowa kusa da bango, randa ko tukunyar shuka, inda za ta ɗan laɓe ta ga abin da ke tsakar gida, a kan ta faɗo fili tsirara.

Yaya girman ramin, kuma nawa ne tsayinsa daga ƙasa?

Waɗanda ake yi a masana'anta ramin da mage ke bi yakan kai wajen santimita 15 faɗi da 15 tsayi, akwai kuma manya na wajen 18 zuwa 20 don ƙattin muzurai. Magunanmu na gida sirara ne, na 15 ɗin ya ishe su. Kada a ƙara girma don tausayi: duk santimitar da aka ƙara, an ƙara wa ƙura da baƙon muzuru hanya.

Tsayi kuwa da cikin magen ake auna shi. Tana tsaye, a auna daga ƙasa zuwa ƙasan cikinta, yawanci tsakanin santimita 10 da 15 ne. Nan leɓen ramin na ƙasa zai zauna. Amma a lura da dokin ƙofa: a gidaje da yawa an ɗaga shi don ruwa, ƙasan ɗaki da na tsakar gida ba su yi daidai ba. A auna ta ɓangarorin biyu. In waje ya yi zurfi, a ajiye bulo ɗaya ya zama mata matakala.

Kafin a taɓa ƙyaure, a yanka ramin a jikin kwali, a tare bakin ƙofa da shi, a ajiye ɗan kifi a ɗaya gefen. In ta wuce ba ta durƙusa ba, ba ta goga kafaɗa ba, awon ya yi. Wannan kwalin shi za a kai wa mai walda, ya fi a faɗa masa da baki.

In sayo ta waje ko a ƙera mini a nan?

Ta waje, irin su PetSafe, Cat Mate da SureFlap, robar leda ce mai tauri da murfi garai-garai da mage ke hango waje ta cikinsa. Tana zuwa da takardar awo da ake mannawa a ƙyaure a bi layinta a yanka, da gashin buroshi a gefe, da maɓalli mai matsayi huɗu: shiga da fita, shiga kawai, fita kawai, ko a rufe gaba ɗaya. Matsayin shiga kawai na da amfani ƙwarai da yamma, duk magen da ta dawo ta dawo ke nan. Rauninta rana. Roba da ke shan ranar nan kullum takan bushe ta yi rawaya ta fara tsagewa, kuma in murfin ya karye ba a samun madadinsa a kasuwa nan take.

Shi ya sa na fi karkata ga wadda aka ƙera a gida, in dai an tsaya a kan aikin. Firam na katako, murfi na roba mai kauri irin ta shimfiɗar ƙasan mota ko gefen tsohuwar taya da aka feƙe, a ɗaure shi daga sama yana lilo gaba da baya. Dole murfin ya ɗan fi ramin ƙanƙanta, da milimita 2 ko 3 a kowane gefe, don ya wuce ta ciki da ta waje. In ya fi ramin girma, hanya ɗaya kawai zai buɗe, mage ta fita ta kasa dawowa. A leɓensa na ƙasa a maƙala siririn ƙarfe ya ba shi nauyi, a firam ɗin kuma a sa mayen ƙarfe ya riƙe shi kada iska ta riƙa kaɗa shi. Robar bakin ƙofar tsohon firji na da siririn mayen ƙarfe a cikinta, masu gyaran firji na zubar da ita, kuma ƙarfinta daidai ne. Na lasifika ya yi ƙarfi da yawa, ƙaramar mage ba za ta iya ture shi ba.

Daga ciki a sa layin ƙarfe biyu a gefen ramin, da faranti da ake zurawa daga sama, irin marufin tagar mai shago. Shi ne makullinta.

Ƙyaurena na ƙarfe ne. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma aikin mai walda ne, ba na wuƙa da guduma ba. A zana ramin a tsakiyar farantin, nesa da ƙarfen da ke riƙe da ƙyauren a gefe da ƙasa, don in aka yanke wannan ƙyauren zai karkace ya daina shiga mazauninsa. An fi samun aiki mai kyau in aka cire ƙyauren aka kwantar. Mai yankan ya sa tabarau, a kuma janye buhuna da duk abin da tartsatsi zai kama.

Bayan yanka akwai abu uku da ba a tsallakewa. A goge bakin da magagari har a shafa yatsa ba a ji kaifi ba, domin cikin mage da bayanta nan za su riƙa gogawa sau da yawa a rana. A shafa jan fentin hana tsatsa a inda ƙarfe ya fito tsirara, tun kafin ruwan farko. Sannan a lulluɓe bakin da katako, ko a tsaga tiyon ruwa a tsawonsa a cusa. Wanda ya taɓa dafa ƙyauren ƙarfe da azahar a bazara ya san dalili: mage da ta ƙone tafin ƙafa sau ɗaya a wurin ba za ta sake kusantar sa ba.

Na katako fa, ko gilashi, ko raga, ko bango?

Katako ya fi sauƙi. A huda kusurwa huɗu, a haɗa su da siririn zarto, a goge. In ƙyauren filawud ne mai kogo a tsakiya, kafinta ya cike kogon da ƴan katakai a kewayen ramin, in ba haka ba kyankyasai da ɓeraye sun samu ɗaki. A bar aƙalla faɗin tafin hannu tsakanin ramin da ƙarshen ƙyauren.

Gilashin da aka gasa don ya yi ƙarfi ba ya yankuwa, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya. Sai dai a cire wannan fallen a maye gurbinsa da katako ko ƙarfe. Ƙofar raga kuwa a fara buga mata firam ɗin katako ciki da waje, sannan a yanke ragar da ke tsakiya.

Bango ma ana hudawa, a zura guntun bututun roba mai faɗin santimita 20, a ɗan karkata bakinsa na waje ƙasa don ruwa ya zube waje. A ginin bulo ba matsala. A ginin laka ina jin tsoron huda kusa da gindi, nan ne damina ke fara cin bango. In ya zama dole, a ɗaga shi sama, a yaɓe kewayensa da siminti sosai.

Ba za ta zama hanyar sauro, kunama da maciji ba?

Rami marar murfi hanya ce, babu musu. Murfi mai kyau da ke komawa ya rufe kuwa bai bar fili fiye da wanda ke ƙarƙashin yawancin ƙyamarenmu ba. A liƙa siririn tsumma mai kauri ko gashin buroshi a gefen firam ya toshe ƴar tazarar nan. A gwada da dare: a kunna tocila daga ciki, wani ya tsaya a waje, duk inda haske ya fito nan sauro zai bi.

Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci da yara, in ramin na buɗewa ne zuwa inda ake kwana, a zura faranti tun magariba. Sauron da ke kawo zazzaɓin da dare yake cizo. Wannan kuma ba ya ɗauke wa kowa gidan sauro.

Kunama da maciji ƙasa suke bi, tsayin ramin da nauyin murfin na rage musu hanya, amma abin da ya fi shi ne a share wurin. Kada a jibge itace, bulo ko tsofaffin buhuna a gindin ƙofar. Roƙona ɗaya: kada a yayyafa fiya-fiya ko garin maganin ƙwari a bakin ramin. Mage na gogawa da jikinta ta koma ta lashe, kuma hantarta ba ta iya narkar da wasu magungunan da kare ma ke jurewa, irin su famatirin.

Ɓarawo fa?

Mutum ba ya wucewa ta ramin santimita 15, amma hannu na wucewa, da wayar ƙarfe a riƙe. Yawancin ƙyamaren ƙarfe na da sakata a ƙasa mai shiga cikin daɓe. Bayan an zana ramin, a durƙusa a auna: in hannu zai kai ga sakata, a matsar da ramin ko a matsar da sakatar, ko a yi mata wurin kwaɗo. Kada a bar makulli a jikin ƙofa ta ciki. In za a yi tafiya a bar gida ba kowa, a zura faranti a ɗaure shi da noti, a kai magen wurin wanda zai kula da ita.

Muzuran maƙwabta za su riƙa shigowa. Akwai dabara?

Za su gwada, musamman in akwai abinci kusa da ramin ko magenku na neman namiji. Muzuru in ya shiga yakan yi fitsari a jikin buhu da bango don ya yi wa wurin shaida, warinsa kuma ba ya fita da sauƙi. Matakin farko a kai kwanon abinci can ƙurya, kada a bar saura ya kwana.

A cikin ƙofofin mage na waje akwai masu aiki da mayen ƙarfe da ake rataya wa mage a wuya, akwai kuma masu karanta ɗan ƙanƙanin guntun na'ura mai ɗauke da lamba mai alƙaluma 15, kwatankwacin ƙwayar shinkafa, da likitan dabbobi ke sa wa a ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Ƙofar na riƙe lambar magenku, ba ta buɗe wa wata. Da batir take aiki, ɗauke wuta ba ya shafar ta. Sai dai ƙarfe na rikita mata karatu, don haka a ƙyauren ƙarfe sai an faɗaɗa ramin an sa mata firam da zai raba ta da ƙarfen. Ga mai mangaza a nan, ban ga wannan ɗawainiya ta zama dole ba, farantin dare na yin rabin aikin. Wanda zai rataya wa mage wani abu a wuya kuma ya tabbata igiyar mai tsinkewa ce in ta maƙale. Igiyar leda mai ƙarfi na iya rataye ta a kan ƙusa ko reshe.

An gama sawa, ta ƙi bi. Me zan yi?

Haƙuri. Kada a kama ta a tura kanta ciki, daga ranar ta ɗauki wurin a matsayin tarko. A ɗaure murfin sama da igiya ramin ya zauna a buɗe na ƴan kwanaki. Wanda ta fi sabawa da shi, ko uwar gida ce ko yaron da ke ba ta abinci, ya zauna a ɗaya gefen da ɗan ƙashin kifi yana kiran ta. In ta saba wucewa, a sassauta igiyar murfin ya sauko rabi, ya riƙa taɓa bayanta. Daga nan a sake shi duka. Ƙarar murfi ce ke firgita wasu, roba ta fi ƙarfe a nan. A shafa tsumma a kumatunta a goga a firam ɗin, in ta ji ƙanshin jikinta hankalinta ya fi kwanciya. Ƴan ƙanana kan gane cikin yini ɗaya ko biyu, tsohuwa na iya ɗaukar makonni.

A bar ta a buɗe da dare ko a rufe?

Nan akwai ja-in-ja, domin da dare ɓera ke fitowa, da dare kuma mage ke shiga haɗari. A mangaza abin da ya fi shi ne ta kwana ciki, da ruwan sha da tasar yashi a ƙurya, a buɗe mata da asuba. Ɓeran ai ciki ake son ta kama shi.

Yawon dare shi ke jawo rigima da maƙwabta. Hajiya ta gidan gaba da ta wayi gari ta tarar an cinye mata ƴan tsaki ko tantabaru tana da gaskiyar yin fushi, kuma sau da yawa magen ce ke biya da ranta. Ga shinkafar ɓera da ake zubawa a gidaje: mage da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Wanda ya ajiye mage ya daina sa guba a gidansa, ya kuma je ya gaya wa maƙwabta cikin mutunci cewa yana rufe tasa da dare. Magana ɗaya a zaure na kashe fitinar shekara.

Shigarta ɗaki ba ya ɓata tsarki? Wasu kuma na tsoron mage da dare.

A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Ƙatada, wanda ya karkata wa mage ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma faɗi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Kashinta da fitsarinta ne ake wankewa. In ana gudun ta shigo da mataccen ɓera kan tabarmar salla, wannan ma dalili ne na sa ramin a mangaza ba a ɗaki ba.

Tsoron baƙar mage ko wadda ke kuka da tsakar dare kuwa ya sa an jefi dabbobi da yawa ba laifin tsaye ba na zaune. Idonta na ƙyalli ne saboda wani shafi a bayan idon da ke mayar da haske, shi ke taimaka mata gani a duhu. Kukan nan mai kama da na jariri kuma na neman namiji ne.

Tana da ƴaƴa ƙanana. Yaushe za su fara bi?

Su da kansu za su bi uwarsu, abin lura shi ne kada murfi mai nauyi ya danne su. A ɗaure shi sama, ko a rufe ramin har su yi ƙwari. Kafin a bar mage ta riƙa fita yadda take so, a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar ciwon haukan kare, ana fara yi daga wata 3. Cutar na nan a ƙasarmu, karnuka ne suka fi yaɗa ta amma mage ma na ɗauka, kuma in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Duk wanda baƙuwar mage ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. In magen ce ta ji ciwo, kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

A sani kuma mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin nata wajen kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wanda ya buɗe mata hanya ya yi tunanin inda zai kai ƴaƴan, ban da zubar da su a bola. Maganar yi mata aikin hana haihuwa malamai sun yi saɓani a kai, a tambayi malamin da aka amince da shi, a kuma ji ta bakin likita.

Gidan haya nake.

A nemi izinin mai gida tukuna, a kuma yi maganar gaban shaida. In ya yarda, a ajiye guntun da aka yanke, mai walda zai iya mayar da shi ranar tashi. In bai yarda ba, a cire ƙyauren mangazar a adana, a sa wani na kanku mai rami.

Wace kulawa take buƙata bayan haka?

Kaɗan ce. A hunturu ƙura na taruwa a leɓen ƙasa, mayen ƙarfen kuma na jawo baƙin yashi har murfin ya daina zama daidai, sai a goge da jiƙaƙƙen tsumma duk mako. Kafin damina a duba fenti da notuna, a matse wanda ya saki, a leƙa katakon ko gara ta taɓa shi. In robar ta lanƙwashe ta fara barin fili a gefe, a kai tsohuwar wurin mai faci ya yanko wata daidai da ita.